Binciken Jiki, Abinci da Kaifin Ƙwaƙwalwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Wanda Ba Likita Ba

A 'yan shekarun nan an samu ƙaruwar mutanen da ba su taɓa zama a ajin likitanci ba, amma suna raba dare suna karanta sakamakon bincike a kan jikin ɗan Adam: me ya kamata a ci, wane sinadari ne ke kaifafa basira, awa nawa barci ke bukata. Akwai ɗalibai a cikinsu, akwai ma'aikata da 'yan kasuwa, akwai iyaye mata masu tunanin makomar 'ya'yansu. Ni ma ina cikin wannan sahu, kuma tambayoyin da ke biye su ne waɗanda na fi jin suna fitowa daga bakin masu irin wannan sha'awa.

Shin ya dace wanda ba likita ba ya tsoma baki cikin irin wannan bincike?

Ya dace ƙwarai, matuƙar ya yarda ya bi ƙa'idar da masana ke bi. Dana Lewis, wata Ba'amurkiya mai ciwon suga nau'i na ɗaya, ba likita ba ce. Damuwarta ita ce ƙararrawar na'urar da ke auna sugan jininta ba ta da ƙarar da za ta tashe ta idan sugan ya faɗi cikin dare, kuma faɗuwar suga a cikin barci tana iya kisa. Ita da Scott Leibrand suka zauna suka rubuta manhajar da ke karanta awon sugan, sannan ta umarci famfon insulin, wato sinadarin da ke rage sugan jini, ya ƙara ko ya rage. A 2015 suka saki tsarin kyauta ga kowa da sunan OpenAPS, alhali sai a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar kamfani ta farko mai irin wannan aiki.

Misali na biyu ya fi burge ni, domin sakamakonsa bai yi wa masu shi daɗi ba. A 2008 wani ƙaramin bincike daga Italiya ya nuna alamar cewa sinadarin litiyom yana rage saurin cutar ALS, wadda ke shanye jijiyoyin motsi sannu a hankali. Masu cutar da dama suka fara sha da kansu, amma suka riƙa rubuta yanayinsu a dandalin PatientsLikeMe. Da aka tattara bayanan aka kwatanta su da na waɗanda ba su sha ba, sai aka wallafa a 2011 cewa litiyom bai yi wani amfani ba, kuma manyan gwaje-gwajen asibiti sun zo sun tabbatar da haka. Marasa lafiya ne suka taimaka wajen rushe fatan da su kansu suka fi kowa bukata, kuma wannan shi ne halin da nake so mai bincike na sa kai ya koya.

Daga ina wannan sha'awa ta samo asali?

Ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Santoriyo, wani malamin likitanci a Jami'ar Faduwa ta Italiya, ya yi kusan shekara 30 yana zama a kan kujerar da ya rataya a jikin sikeli, yana auna nauyinsa da na abincinsa da na abin da ya fita daga jikinsa, har ya gano cewa jiki yana rasa nauyi mai yawa ta hanyar numfashi da fata ba tare da an gani ba. Ya wallafa littafinsa a 1614. Kalmar da Turawa ke kiran magungunan ƙara basira da ita, wato nutirofik, Korneliyu Jurjiya ne ya ƙirƙiro ta a 1972. Ɗan Romaniya ne da ya yi aiki a Beljiyam, inda ya haɗa maganin firasetam a 1964. Salon da ake gani a yau kuwa, na agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya, ya samu suna ne a 2007 daga Gary Wolf da Kevin Kelly, editocin mujallar Wired, waɗanda daga baya suka fara tara masu auna rayuwarsu da lambobi a yankin San Faransisko.

To, akwai ƙwayar da ke ƙara wa mai lafiya basira?

Har yau ba a samu wadda aka tabbatar tana yin haka ba tare da wani farashi ba. Firasetam ya haura shekara 50 a kasuwa, amma hukumar Amurka ba ta taɓa amincewa da shi don wani ciwo ba, kuma hujjar amfaninsa ga mai lafiya ba ta da ƙarfi. Ganyen ginko, wanda aka daɗe ana tallarsa a matsayin maganin mantuwa, an gwada shi a kan tsofaffi fiye da 3,000 a Amurka na tsawon kimanin shekara shida, kuma sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana gigin tsufa ba.

Magunguna irin su modafinil da metilfenidet suna da ƙarfi na gaske, shi ya sa likita ke rubuta su don cututtuka takamaimai: na farkon don ciwon barcin da ke kada mutum da rana tsaka, na biyun don matsalar rashin natsuwa. Abin tambaya shi ne me suke yi wa wanda lafiyarsa ƙalau. A 2023 masana daga Melbon da Kambirij sun ba mutum 40 irin waɗannan magunguna, suka sa su warware wani lissafi mai sarƙaƙiya. Waɗanda suka sha sun ƙara ƙwazo, sun ɗauki lokaci mai tsawo, sun gwada hanyoyi masu yawa, amma ingancin aikinsu idan aka auna shi da wahalar da suka sha ya ragu. Wato maganin ya ƙara musu kuzari da jin cewa suna ƙoƙari, bai ƙara musu fahimta ba.

Wannan ruɗi na jin ƙarfi mun san shi a gida. Da yawa daga matasan da tiramadol ya lalata ba neman maye ne ya fara kai su ba. An ce musu ne zai sa su yi noma ko dako ko karatu ba gajiya. Duk ƙwayar da aka ce tana kore gajiya, ya kamata a fara tambayar ina take kai gajiyar.

Goro da shayi da kofi fa?

Waɗannan su ne abin da ya fi kowane samun shaidar kimiyya, kuma kakanninmu sun riga kowa sanin na goro. Sinadarin kafeyin, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na busasshen goro, yana aiki ne ta wata hanya mai sauƙin fahimta. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, yana zama a wasu gurabe na musamman, kuma zamansa a nan ne ke kawo jin barci. Kafeyin yana zuwa ya tare waɗannan gurabe, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya, alhali adenosin ɗin yana nan yana ci gaba da taruwa. Shi ya sa direban da ya ɓare goro da tsakar dare idonsa ke bushewa, amma da zarar ƙarfin ya sake shi sai barcin ya auko masa gaba ɗaya.

Jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin ɗin da aka sha, kodayake mutane sun bambanta, kuma mai ciki tana ɗaukar lokaci fiye da haka. Ke nan ɗalibin da ya tsaya wurin mai shayi bayan Isha'i aka kaɗa masa kofi mai kauri, rabinsa yana yawo a jininsa har ƙarfe ɗaya na dare. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a rana bai zama abin damuwa ga baligi mai lafiya ba, wato kwatankwacin kofi huɗu, mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Kafeyin yana ƙara farkawa da saurin amsawa. Ba ya dasa ilimin da ba a karanta ba.

Wane abinci ne ya fi taimakon ƙwaƙwalwa?

A nan ne nake ganin masu sha'awar wannan fanni suka fi kuskuren alƙibla, domin sukan tsallake abin da ke gabansu su tafi neman na nesa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma mafi yawan gininta ana yin sa ne daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Abin da aka rasa a wannan tsakani yana da wuyar mayarwa.

Na farko shi ne aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana ƙarancinsa a matsayin babban dalilin tawayar ƙwaƙwalwa da ake iya hanawa. Maƙoƙon da ake gani a wuya alama ce kawai ta waje. Ɓarnar da ta fi girma tana faruwa ne ga jaririn da ke ciki, domin sai da aidin jikin uwa ke iya haɗa sinadarin da ke tafiyar da ginin ƙwaƙwalwarsa. Nazarce-nazarcen da suka kwatanta al'ummomi sun samu tazarar fiye da maki 10 a gwajin basira tsakanin yankunan da ke fama da ƙarancinsa da waɗanda ba sa fama. Abin da baligi ke bukata miligiram ɗaya ma bai kai ba: maikirogiram 150 ne a rana, mai ciki kuma 250. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Nijeriya kuma ta wajabta haka a 1993. Sai dai aidin yana gudu daga gishirin da aka bari a buɗe, a rana ko a danshi, don haka gishirin da ya yi watanni a faranti a bakin kasuwa ba lallai ne ya kai na cikin leda a rufe ba. Babu wata ƙwaya mai tsada da aka taɓa nuna ta yi wa basirar al'umma abin da wannan gishiri ya yi.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ƙarancinsa ke kawo ƙarancin jini, da kasala, da rashin natsuwa a aji. Ana samun sa a hanta da nama da kifi da wake da ganyaye, amma na cikin tsiro ya fi wuyar shiga jini. Shan shayi tare da abinci yana rage shigarsa, yayin da lemo ko gwaiba ko tumatir ke ƙara ta. Ɗan wannan sauyi, na jinkirta shayi zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci, ba ya cin ko sisi.

Na uku ba abin da za a ci ba ne, abin da za a guje wa ne, wato dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Waɗanda suka rayu da yawansu sun tashi da raunin ƙwaƙwalwa. Babu wani mizanin dalma a jini da aka sani ba ya cutar da yaro, kuma an sha samun ta a wasu nau'o'in kwalli da tsohon fenti da wuraren fasa batir. Uwar da ta daina sa wa jaririnta kwallin da ba ta san asalinsa ba ta yi wa basirarsa hidimar da ta fi kowace kwalbar bitamin.

An ce an gwada zogale an ga yana gyara ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

Zogale abinci ne mai kyau, yana da furotin da sinadarin ƙarfe da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma kwaɗonsa ya cancanci zama a kowane gida. Amma yawancin binciken da ya danganta shi da ƙwaƙwalwa a kan ɓeraye aka yi, sau da yawa da tataccen ruwansa mai ƙarfin da ba a samu a kwano. Mafi yawan abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba ya yin aiki idan aka zo kan mutum.

Na sha wani abu kuma na ji canji a jikina. Wannan bai isa hujja ba?

Bai isa ba, kuma faɗin haka ba ƙaryata mai magana ba ne. Canjin da ya ji na gaske ne. Abin da ba a sani ba shi ne musabbabinsa. Wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2020 ya nuna wannan a fili. An ɗauki mutum 60 da suka daina shan maganin rage kitsen jini saboda yana sa su ciwon jiki, aka ba kowannensu kwalba 12, ɗaya ga kowane wata: huɗu da maganin gaske, huɗu da ƙwayar wofi mai kama da shi, huɗu kuma babu komai a ciki. Kullum suna rubuta yadda suka ji a waya. Da aka buɗe lissafi, sai aka ga kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji a watannin magani sun ji shi a watannin ƙwayar wofi ma. Da aka nuna musu sakamakon nasu, rabinsu suka koma shan maganin.

Akwai kuma wani tarko na daban. Mutum yakan nemi magani ne a ranar da ya fi jin jiki, kuma daga irin wannan rana yawanci sauƙi ne ke biyowa ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Sai a ba kwalbar yabon da na lokaci ne.

Yaya zan gwada abu a kaina ta hanyar da za ta ba da amsa ta gaskiya?

James Lind ya nuna hanyar tun 1747 a cikin jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Salisbury. Ya ɗauki matuƙa 12 masu ciwon da ke kumbura dasashi ya zubar da haƙora, ya raba su biyu-biyu, ya bar su a kan abinci iri ɗaya, ya ba kowane rukuni magani daban. Waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami ne suka miƙe cikin kwana shida. Darasin shi ne a sauya abu ɗaya kawai, a bar sauran yadda suke.

Mai gwaji a gida ya fara da rubuta halinsa na mako biyu kafin ya taɓa komai, kuma ya zaɓi abin da ake iya ƙirgawa: ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, shafi nawa ya karanta, aya nawa ya riƙe washegari. Ya rubuta tun farko abin da zai ɗauka a matsayin nasara, don kada ya sauya ma'auni bayan ya ga sakamako. Sannan ya yi mako biyu da abin, mako biyu babu, ya maimaita sau uku ko huɗu. Idan abin ƙwaya ne, ya sa wani amintacce ya zuba masa a ambulan masu lamba, wasu da na gaske wasu da na wofi, ya ɓoye takardar har a gama. Na taɓa yin irin wannan da goron la'asar, da ƙaramin littafi a ƙarƙashin matashi, ina rubuta lokacin kwanciya da na farkawa kafin in sauko daga gado. Na shiga da yaƙinin cewa goro ba ya taɓa barcina, domin ina yin barci da zarar na kwanta. Littafin ya nuna mini cewa farkawar tsakar dare ta fi yawa a makonnin da nake ci. Wannan sakamako nawa ne ni kaɗai, bai zama hukunci a kan kowa ba.

Irin wannan gwaji na abubuwa marasa haɗari ne, kamar lokacin shan shayi, ko tafiyar safe, ko ajiye waya kafin barci. Ba a yin sa da maganin hawan jini ko na suga ko na farfaɗiya, ba a yin sa a kan yara, kuma mai ciki ba ta yin sa.

Abin da aka ce na ganye ne ko bitamin ne, ai ba ya cutarwa?

Yana cutarwa. A Finlan an ba maza masu shan taba kimanin 29,000 ƙwayoyin gwaji, ciki har da bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, da fatan zai kare su daga kansar huhu. Sakamakon 1994 ya nuna kansar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga masu shan sa. Yawan bitamin B6 na tsawon lokaci yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, yawan bitamin A yana illa ga hanta da ɗan tayi, kuma an samu waɗanda tataccen koren shayi na ƙwaya ya taɓa musu hanta.

Abu biyu sun shafe mu kai tsaye. Shuɗin metilin, wani rini da aka fara haɗawa a 1876 wanda yanzu ake yayinsa a matsayin mai kaifafa tunani, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare waɗannan ƙwayoyin jini, kuma wannan ƙaranci na gado ya yawaita a Afirka ta Yamma, galibi ba tare da mai shi ya sani ba. Haka nan mai sikila, musamman wanda ake yawan ƙara wa jini, bai kamata ya sha ƙwayar ƙarin sinadarin ƙarfe ba sai da awo, domin ƙarfen yana iya taruwa ya yi masa yawa. Shawarar da aka rubuta don wani jiki a wata ƙasa ba dole ne ta dace da namu ba.

Game da rajista kuwa, dokar Amurka ta 1994 ta ba kamfanoni damar sayar da ƙwayoyin ƙarin gina jiki ba tare da sun fara tabbatar da amfaninsu ba, don haka zuwan kwalba daga can ba shaida ba ce. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, a jikin maganin gargajiya ma ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta. A duba da kyau, sau da yawa za a ga an rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Wasannin horar da ƙwaƙwalwa na waya suna aiki?

Suna sa mutum ya ƙware a wasan. Wani gwaji na mutum 11,430 a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa sauran ayyukan tunani ba, kuma a 2016 kamfanin Lumosity ya biya dala miliyan 2 a Amurka kan tallar da ta wuce hujja. Abin da ya tabbata shi ne maimaitawa a rarrabe da kuma gwada kai ba tare da duba littafi ba. Hermann Ebbinghaus ya auna saurin mantuwa a kan kansa ya wallafa a 1885, ya kuma nuna cewa bitar da aka raba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Duk wanda ya ga yadda mahaddaci ke wanke allo, ya kawo hadda da ka a gaban malam, sannan ya riƙa komawa tilawar baya a kai a kai, ya ga wannan ƙa'ida tana aiki.

Azumi yana ƙara kaifin tunani?

Masu wannan magana sukan kafa hujja da lambar Nobel da Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu a 2016 kan yadda ƙwayar halitta ke cinye tarkacen cikinta ta sabunta kanta. Aikin nasa a kan yis, mai kumbura burodi, ya yi shi, ba a kan masu azumi ba. Gwaje-gwajen mutane sun nuna taƙaita lokacin cin abinci yana taimakawa wajen rage ƙiba kwatankwacin rage yawan abinci, amma ba su tabbatar da ƙarin basira ba. Azumin ibada yana da dalilinsa da bai dogara da ɗakin gwaji ba.

Idan abu ɗaya kawai zan gyara, wanne ne?

Barci. A wani gwaji na Jami'ar Fensilbaniya da aka wallafa a 2003, an taƙaita barcin wasu mutane zuwa awa 6 a kowane dare har kwana 14. A ƙarshe natsuwarsu ta faɗi zuwa matakin wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba, amma da aka tambaye su sai suka ce barcin da suke ji kaɗan ne. Mai ƙarancin barci shi ne na ƙarshe da zai san halin da yake ciki. Bayan barci sai motsa jiki: a 2011 an ruwaito cewa a cikin tsofaffi 120, waɗanda suka yi shekara guda suna tafiyar sauri sau uku a mako sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da ajiye tunani ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100, na waɗanda ba su yi tafiyar ba kuwa ya ragu.

Amma ai Barry Marshall ya sha ƙwayoyin cuta da kansa har ya ci Nobel?

Ya sha, a 1984 a Ostareliya, domin ya nuna cewa ƙwayar cutar Helikobakta ce ke haddasa kumburin ciki da ke kaiwa ga olsa, a lokacin da yawancin likitoci ke ɗora laifin a kan damuwa da yawan asid. Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake rabinsa. Marshall likita ne, kuma ya riga ya yi shekaru yana nazarin samfurin cikin marasa lafiya tare da Robin Warren. Kafin ya sha, an zura masa na'urar leƙa ciki an tabbatar cikinsa lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki ya fara amai da warin baki, aka sake leƙawa aka ga kumburi, aka ɗebo ƙwayar cutar daga cikinsa, sannan ya sha maganin da ya san yana kashe ta. Kumburi ya samu, bai kai ga olsa ba, kuma gwajin nasa shi kaɗai bai gamsar da likitoci ba. Sai da aka yi gwaje-gwaje a kan marasa lafiya masu yawa aka ga maganin kashe ƙwayoyin cuta yana hana olsa dawowa. Lambar Nobel ta zo musu shi da Warren a 2005, shekara 21 bayan ya sha.